Sabon Fenti a Hawa na Goma

A bugu na uku ƙusar ta shige bango gaba ɗaya, har kanta, kamar an soka ta cikin gurasa. Itidal ta tsaya a kan kujera da guduma a hannu tana kallon wurin. Sandar labule kawai take son kafawa a ɗakin jikokinta, don ranar Alhamis za a kawo mata su daga Damanhur su yi hutu a bakin teku. Ta ƙwanƙwasa gefen ƙusar da ƙotar gudumar. Bangon ya amsa da ƙarar abin da ba komai a cikinsa, sai wani ɓangaren filasta mai faɗin tire ya ɓalle, ya faɗo a kan sabon gadon yaran.

Shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin jinya a Kuwait. Ta sha ganin bandeji fari tas a kan gyambon da ya ruɓe, don haka ba ta yi ihu ba. Ta gyara tabarau ta leƙa. Tsaga ce ta taso daga rufi ta gangaro, faɗinta ya isa hannu ya shiga. An cusa mata jaridu da yagaggen buhun siminti, aka shafe, aka bi da fenti ruwan madara. Can ciki ga rodi ya yi tsatsa ya kumbura, tana taɓa shi ya marmashe mata a yatsa.

Ta zaro jarida ɗaya ta warware. Kwanan watan yana nan a sama: sha ɗaya ga Janairu, na bana.

A Janairun nan ne Nagat ta kira ta a waya tana cewa, "Tida, kar ki sa ranar tahowa tukuna, fenti nake miki. Kyautata ce. Ba zan ba ki gida da shatin hannun jikokina a bango ba."

Nagat dai ƙawarta ce tun aji ɗaya na firamare. Benci ɗaya suka zauna, shekara ɗaya aka yi musu aure. Da mahaifiyar Itidal ta kwanta ciwon ajali, ita tana can ƙasar mutane an hana ta hutu, Nagat ce ta yi jinya, ita ta rufe wa tsohuwar ido, ita ta yi mata wanka. To, ranar da Nagat ta ce za ta sayar da gidanta na unguwar Sidi Bishr, hawa na goma mai kallon teku, wa zai ce wa Itidal ta tsaya bincike? Ta kwashe kuɗin sallamarta kaf, ta haɗa da awarwaron da marigayi mijinta ya bar mata.

Ba wai ba a gaya mata ba. Mijin 'yarta Rasha ya ja mata kunne, ya ce kafin ta sa hannu ta nemi takardar gunduma da ke nuna ba laifi a kan ginin, ta kuma nemi littafin taron masu gidajen benen, don wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani. Ranar cinikin, a falon Nagat, har ta buɗe baki: "Wai mijin Rasha ya ce akwai wasu takardu..."

Nagat ta dire tiren shayi, idonta ya cicciko. "Takarda, Tida? Tsakanina da ke? Ni da na wanke Mama?"

Kunya ta kama Itidal kamar ta nutse. A garin nan namu, wanda kuka ci gurasa da gishiri tare ba ka ce masa ya kawo takarda, gara ka kira shi ɓarawo a fili ka huta. Suka ɗaga tafin hannu suka karanta Fatiha a kan cinikin, Alhaji Bahgat mijin Nagat ya miƙo yarjejeniya shafi uku, ta sa hannu ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Wata huɗu ke nan.

Ta naɗe jaridar da ɓarɓashin tsatsar a cikin hankici, ta jefa a jaka tare da yarjejeniyar, ta sauka.

Baba Gaballa maigadi yana wanke matakalar ƙofar shiga, ya tattare rigarsa zuwa gwiwa. Ta buɗe masa hankicin. Ya duba, ya mayar da kai kan tsintsiyarsa.

"Hajiya, ni fa abin da na sani ƙofa. In buɗe, in rufe."

"To buɗe min gareji."

"Ana gyara."

"Wata huɗu ina jin ana gyara, ban taɓa jin ƙarar guduma ba. Baba Gaballa, yara uku za su kwana a sama ranar Alhamis, ƙaramarsu ko yaye ba a yi mata ba."

Tsohon ya daɗe yana matse tsumma. Daga baya ya laluba aljihu ya ciro makulli. Cikin garejin ba mota ko ɗaya, sai turakun ƙarfe da katako birjik, an kakkafa su suna tallafe da rufi. Ginshiƙai huɗu sun zubar da simintinsu, rodinsu a waje, jawur. Wurin yana warin danshi da gishirin teku.

"Tun bara," in ji shi a hankali. "Wallahi na ɗauka Madam Nagat ta gaya miki, ganin yadda kuke. Ki hau wajen Ustaz Mamduh. Amma don Allah ba ni na aike ki ba, ɗakina a ƙarƙashin matakalar nan yake."

Ustaz Mamduh tsohon hedimasta ne, shi ne shugaban ƙungiyar masu gidajen benen, yana hawa na uku. Irin mutanen nan ne da ko gaisuwa za su yi sai sun yi gyaran murya. Ya karɓe ta da kayan barci da carbi, ya sa aka kawo gahawa, ya tambayi lafiyar Kuwait kamar garin kakansa ne. Da ta shimfiɗa hankicin a kan teburinsa sai fara'ar ta ɗauke. Ya shiga ɗaki ya fito da wani baƙin littafi.

"Tunda kin gani da idonki, Madam Itidal, kina da haƙƙin ki sani. Ke ma yanzu mai gida ce."

Ya yi mata bayani dalla-dalla, kamar yana gaban allo. Hawa takwas aka ba da izinin ginawa, ɗan kwangila ya ƙara huɗu. Gishirin teku ya ci rodin ƙasa. Injiniyan da suka ɗauko bara ya ce ko dai a sauke hawa huɗun sama, ko wata rana su sauko da kansu. Takardar umarnin rushe su ma ta zo, sai dai da sunan wani tsoho ta zo, wanda ɗan kwangilar ya ari sunansa ya sa a takardu, mutumin da ko kabarinsa ba wanda ya sani. Don haka tana nan kwance a durowa.

"Sai muka zauna," ya ce, yana buɗe littafin. "Muka ga in magana ta fita, gidan kowa ya zama ba shi da daraja ko ta fam ɗaya. Muka yi shawara a rufa wa juna asiri har kowa ya samu mafita. Muka karanta Fatiha a kai."

"Fatiha," in ji Itidal.

Ya juyo mata da shafin. Sa hannu ashirin da huɗu ne a jere. Ba sai ta karanta sunaye ba. Na sha tara ta gane shi tun daga nesa, da doguwar jelar nan da ke lanƙwasowa ƙarƙashin suna. A bayan littafin lissafin Itidal Nagat ta koyi wannan jelar, suna 'yan shekara goma sha biyu, har malama ta zane su tare. Ranar taron kuwa Maris ɗin bara ce, wata goma cif kafin fenti.

Abin da ta ji ba fushi ba ne tukuna. Ta dai gane an ci amanarta, kuma an zauna an tsara cin.

"Ina son kwafin shafin nan."

Ustaz Mamduh ya rufe littafin, ya ɗora hannu a kai. "A'a, Madam. Gani kika nema, kin gani. A bar kaza cikin gashinta. In shafin nan ya shiga kotu, gunduma za ta tuna da mu, a zo a fitar da gida ashirin da huɗu kan titi. Akwai gwauruwa a hawa na shida, akwai mai wankin ƙoda a na biyu. Kuma ke a na goma kike, naki yana cikin waɗanda za a fara saukewa. Garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta."

"Mutum nawa suka sayar tun bayan taron?"

"Uku. Da Madam Nagat huɗu."

"Su waɗanda suka saya sun sani?"

Ya yi gyaran murya. "Wanda ya gano, mukan kira shi mu yi masa bayani. Ranar Juma'a bayan masallaci muna da zama. Ki zo ki sa hannu, ki karanta Fatiha tare da mu. Ai kin zama tamu."

Ba ta taɓa gahawar ba.

Ƙaramar bas ta shiga a bakin teku zuwa Manshiyya, unguwar da kotu take. Ta zauna a takure tsakanin wata mai kwandon kifi da wani ɗalibi mai gyangyaɗi, tana miƙa kuɗin mutanen baya zuwa ga direba ba tare da ta san tana yi ba. Ta taga benaye suna wucewa, dogaye, sirara, kowanne da shanya a baranda. Shekara da shekaru tana kallonsu da sha'awa in ta zo hutu. Yau sai ta kama kanta tana ƙirga hawansu.

Ustaza Ragaa lauya 'yar wata tsohuwar abokiyar aikinta ce, ofishinta ɗaki ɗaya ne a bayan kotu, fanka tana juya takardu. Itidal ta same ta tana cin gurasa da wake a kan fayil. Ta goge hannu, ta karɓi yarjejeniyar, ta zarce shafi na biyu kai tsaye kamar wadda ta san inda aka binne abu.

"Ga shi nan, sharaɗi na bakwai. Mai saye ta duba gidan dubawar da ta kore duk wani rashin sani, ta karɓe shi yadda yake. Anti, kin duba?"

"Na duba kicin. Na duba teku ta baranda."

"Takardar gunduma fa? Littafin taro?"

"Mun karanta Fatiha."

Ragaa ta cire tabarau ta murza ido. "Anti, Fatiha tana da nata Alƙalin, amma ba Shi ke zama a Manshiyya ba. Kin san mutum nawa suke zama a kujerar nan su gaya min haka? Rabin abincina daga gurasa da gishiri yake fitowa. Baƙo ba ya iya cutar mutum haka, don baƙo ana tambayarsa takarda."

"Shi ke nan na rasa?"

"Ban ce ba. Doka ta ɗora wa mai sayarwa nauyin ɓoyayyen aibi. In kuma ya san da shi ya rufe da gangan don ya yaudare ki, sharaɗin nan na bakwai ba zai cece shi ba, muna iya neman a warware cinikin. Amma alƙali ba zai karɓi hawayenki ba. Abu biyu zai nema: shaidar cewa ta sani, da shaidar cewa ta rufe."

"Na ga sa hannunta a littafi."

"Littafin yana ina?"

"A hannun Ustaz Mamduh, tsohon hedimastan da ke shugabantar ƙungiyar benen."

"Kafin mu sa kotu ta nemo shi, shafin ya yi ƙafa. Na san irin su hedimastan nan. Ki nemo min mutum mai rai da zai tsaya ya ce na gani, ko na yi. Kuma bari in gaya miki gaskiya, tunda mamana ta ce ke kika riƙe ta lokacin da ba ta san kowa ba a Kuwait. Shari'ar nan za ta ɗau shekaru. Ranar da muka shigar da ita, maƙwabtanki sun daina amsa sallamarki. Mai yiwuwa kuma a sauke hawan naki kafin a yanke hukunci, ki rasa gidan ki zauna jiran kuɗi. Mafi yawan masu zuwa nan, in na kai nan a bayani, sai su yi godiya su tafi."

"Su tafi ina?"

"Wajen mai fenti," in ji Ragaa, ta ja gurasarta.

Azahar ta gota lokacin da ta isa unguwar Samuha. Sabon gidan Nagat a hawa na ɗaya yake, bene ne gajere mai kauri, har da 'yan shuke-shuke a ƙofa. Nagat ta buɗe da ludayi a hannu, ƙanshin miyar lalo da tafarnuwa ya biyo ta.

"Tida, 'yar halak, yanzu nake zancenki. Kin yi sa'a, surukarki tana sonki in ji masu karin magana, kin zo daidai kan abinci. Shigo, me ya samu fuskarki?"

Itidal ba ta zauna ba. Ta buɗe hankicin a kan teburin cin abinci, ta shimfiɗa jaridar, tsatsar ta watsu a kan farin mayafin teburin. Nagat ta duba. Ta koma kicin ta rage wuta, ta dawo, ta ja kujera ta zauna. Ko ɗar ba ta yi ba, kuma wannan ya fi komai yi wa Itidal ciwo, don ta gane an daɗe ana jiran wannan rana.

"Wane ɗaki?" in ji Nagat.

"Ɗakuna nawa ne?"

Nagat ta shiga gyara gefen mayafin teburin.

"Nagat, na ga jelarki a littafin Mamduh."

"Ba ki tambaye ni ba, Tida. Wallahi da kin tambaye ni kai tsaye, da na gaya miki."

"Na tambaya. Kika ce ke kika wanke Mama."

"To ƙarya na yi? Ban wanke ta ba?" in ji Nagat. "Kina can kina karɓar dinari, ni ina nan ina juya ta a kan gado. Ban taɓa yi miki gori ba. Kin san abin da na gani a gidan can? Shekara guda ban yi barcin kirki ba. Babbar mota ta wuce in ji gado yana motsi. Jikokina suna kwana a wancan ɗakin, Tida. In tashi in tsaya a kansu ina kallon rufi."

"Nawa jikokin fa? Jibi za su zo. Ke kika raka ni sayen gadonsu. Ke kika zaɓi zanen gadon, mai kifaye."

Nagat ta sunkuyar da kai, tana tattara tsatsar da gefen hannu, tana mayar da ita tsibi ɗaya.

"Na sa dillali wata shida," ta ce. "Duk wanda ya zo sai ya ce a kawo takarda. Bahgat ya ce to wa muka sani da ba zai nemi takarda ba?"

Ba ta ƙarasa ba, ba kuma sai ta ƙarasa ba. Itidal ta dafa bayan kujera. Ashe ba rashin mai saye ya sa aka faɗo kanta bisa tsautsayi ba. Zaɓar ta aka yi, kuma abin da ya sa aka zaɓe ta shi ne shekara hamsin ɗin nan.

"Ki maido min kuɗina, ki karɓi gidanki."

"Kuɗi ai ga su nan kina tsaye a cikinsu." Nagat ta share ido da bayan hannu, ta matso, ta rage murya irin yadda suke yi tun suna yara in za a raba sirri. "Saurara, ba zan bar ki a ciki ba. Ginin nan ya yi shekara talatin, zai ƙara biyu. Dillalina yana da wani yaro da ke aiki a Jidda, yana neman wa mahaifiyarsa gida mai kallon teku, ta waya zai saya, hoto kawai yake so. Har riba za ki ci. A gyara wurin da ya faɗo, a bi da fenti, shi ke nan. Usta Hamada mai filasta da ya yi min aikin hannunsa yana da kyau, ke kanki wata huɗu ba ki gane ba. Yanzu zan kira shi, yau ɗin nan ya zo miki. Ni zan biya. Kowa haka yake yi, Tida, ni ma haka aka yi min."

Itidal ta dubi fuskar da ta fi sani a duniya bayan ta mahaifiyarta. Ta naɗe jaridarta ta mayar jaka, ta bar mata tsatsar a kan tebur.

"Ba za ki ci abinci ba?" in ji Nagat daga bakin ƙofa. "Har da zomo na sa."

A bas ɗin komawa ne kukan ya zo mata, ba sauti, hawaye kawai. Wata mata ta miƙo mata takardar goge fuska tana cewa, "Allah ya ji ƙansa, 'yar uwa." Itidal ta ce amin, don ba ta ga abin gyarawa a maganar ba. Kuma kada a yi mata ƙarya a ce ba ta yi tunanin yaron Jidda ba. Ta yi, tun daga Samuha har Sidi Bishr. Shekararta hamsin da tara, ba ta da wani gida, ba ta da wata sallama da za a sake biyanta. Buhun filasta ɗaya da bokitin fenti ɗaya, ta tsira. Tsohuwar da za a kawo ba ta san ta ba, ba su taɓa cin komai tare ba.

Ta kira 'yarta daga bakin ƙofar benen ta ce kada a kawo yaran ranar Alhamis, za ta yi bayani. Ta hau, ta yi la'asar, ta zauna a gefen gadon mai kifaye tana kallon ramin.

Ba a jima ba aka buga ƙararrawa. Wani mutum ne gajere mai furfura, farin ƙura har gashin ido, da buhu a kafaɗa da bokiti a hannu.

"Salamu alaikum, Hajiya. Usta Hamada ne. Madam Nagat ta ce in zo da gaggawa, ta riga ta biya." Ya leƙa falon, ya yi murmushin mai ganin aikin hannunsa. "Ai na san gidan. Wanne ne ya buɗe, na ɗakin yara ko na bayan firji?"

"Akwai na bayan firji?"

"Akwai. Da na saman ƙofar wanka, da biyu a baranda, da babban na ɗakin barci." Ya sauke buhun yana nishi. "Na gaya wa Madam tun a lokacin, na ce wannan ba aikin filasta ba ne, aikin injiniya ne. Ta ce in dai rufe, baƙuwa za ta zo daga tafiya. Ni kuwa ɗan aike ne, abin da aka ce in shafa shi nake shafawa."

"Ita da bakinta ta ce ka rufe?"

"Tana tsaye a inda kike ɗin nan. Ita ta riƙa miƙo min jaridun."

Itidal ta dube shi da kyau. Mutum ne mai rai, ga shi tsaye a falonta, kuma Nagat ce ta aiko shi, ta biya masa kuɗin mota.

"Usta, ka sha shayi?"

"In an samu, Hajiya. Sukari uku."

Ta ɗora buta a wuta. Ta ɗauko wayarta ta nemo lambar Ragaa, ta ce mata in tana kusa ta zo yanzu, ta taho da wanda ya iya ɗaukar hoto. Da ta fito da shayin ta tarar har ya kwance bakin buhu yana neman ruwan kwaɓi.

"Ɗaure buhunka," ta ce. "Duk inda ka rufe kana iya tunawa?"

"Ko ido rufe."

"To buɗe min su. Ɗaya bayan ɗaya, har rodi."

Ya tsaya da kofi a hannu. "Hajiya, kuɗin rufewa aka ba ni."

"Na buɗewa ni zan biya."

"Ƙara fa za ta yi yawa. Duk benen nan sai ya ji."

Itidal ta je ƙofar gidan ta buɗe ta har bango, ta jawo kujerar da ta taka da safe ta tokare ta. Daga ƙasa tana jin muryar Ustaz Mamduh a matakala, yana yi wa wani gyaran murya. Ta dawo ta ɗauki gudumarta daga kan gadon yaran ta miƙa wa Usta Hamada.

"Fara da na bayan firji," ta ce.